Baƙin Tauraro: Faifan Ƙarshe na David Bowie

Ranar Juma'a, 8 ga Janairun 2016, mawaƙin Ingila David Bowie ya cika shekara 69, kuma a ranar ya saki sabon faifai mai suna Blackstar, wato baƙin tauraro. Kwana biyu tsakani, ranar Lahadi, rai ya yi halinsa a birnin New York. Sai a lokacin duniya ta ji cewa ya shafe wata 18 yana fama da ciwon dajin hanta, kuma in ka cire iyalinsa da 'yan tsirarun abokan aiki, babu wanda ya sani.

Tun daga ranar, yawancin masu sauraro suna ɗaukar faifan a matsayin wasiyya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a hakan. Amma abin da ya fi kama ni shi ne irin kiɗan da mutumin ya zaɓa ya yi a lokacin da jikinsa ke ƙarewa, da mutanen da ya nemo suka yi tare.

Bari mu ɗan koma baya. An haife shi a unguwar Brixton ta Landan a 1947, sunansa na yanka David Robert Jones. Ya yi suna da sauya kama: a 1972 ya fito a siffar Ziggy Stardust da jan gashi da kwalliyar fuska, daga baya ya tare a Berlin yana gwaje-gwajen sauti, a 1983 kuma ya cika filayen wasa da faifansa Let's Dance. A 2004, yana tsakiyar rangadi a Jamus, zuciyarsa ta buga, aka yi masa aikin gaggawa a Hamburg. Daga nan bai sake yin rangadi ba. Ya koma gida New York wajen matarsa Iman, haifaffiyar Somaliya, da 'yarsu, ya yi shiru har mutane suka ɗauka ya ajiye waƙa. Kwatsam a 2013 ya dawo da The Next Day, faifan da ya samu karɓuwa, amma kiɗan rock ne irin wanda aka san shi da shi.

Tsohon mawaƙin da ya kai wannan matsayi, hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya ci tsohon suna: ya tara tsofaffin makaɗansa, ya maimaita abin da masoya suka saba ji. Bowie ya bi wata hanya daban. A 2014, bisa shawarar Maria Schneider, shugabar wata babbar ƙungiyar kiɗan jazz, ya shiga wani ɗan ƙaramin wurin kiɗa da ake kira 55 Bar a unguwar Greenwich Village, ya zauna ya saurari ƙungiyar Donny McCaslin, mai busa saksofon. Ba da jimawa ba ya aiko musu da saƙo yana neman su. McCaslin ya zo da Mark Guiliana a kan ganguna, Tim Lefebvre a kan gitar bas, da Jason Lindner a kan fiyano. Daga baya Ben Monder ya shigo da gita. Dukansu a haife ya haife su ko kusa da haka, kuma sunansu bai wuce da'irar masoya jazz ba.

A farkon 2015 suka shiga situdiyon Magic Shop a ɓoye, tare da furodusa Tony Visconti, wanda suke aiki da Bowie tun ƙarshen shekarun 1960. Visconti ya ba da labarin cewa Bowie ya zo masa ba gashi a kai ba gira, saboda ƙarfin maganin da ake yi masa. Duk da haka, in ya tsaya gaban makirufo muryar nan tana nan daram. Visconti ya kuma ce a lokacin suna yawan sauraron faifan Kendrick Lamar, To Pimp a Butterfly, kuma manufarsu ita ce su kauce wa kiɗan rock. Dattijo ɗan shekara 68 ke nan yana kasa kunne ga matashin mawaƙin gambarar zamani wanda bai kai shekara 30 ba, don ya ga abin da zai ƙaru da shi.

To, me ke cikin faifan? Waƙoƙi 7 ne kacal, kimanin minti 41. Ta farko, mai sunan faifan, tamkar waƙoƙi biyu ne aka ɗinke. Tana farawa da murya mai kama da ta masu addu'a, a ƙarƙashinta ganguna suna tsalle a karye, ba su bin takun da kunne ya saba. Can tsakiya sai duhun ya yaye, wata tattausar waƙa ta ɓullo, kafin sannu a hankali ta sake nitsewa inda ta fito. Asalinta ta haura minti 11, aka rage ta zuwa minti 9 da daƙiƙa 57, domin a lokacin iTunes, shagon sayar da waƙoƙi ta intanet, ba ya sayar da waƙa guda ita kaɗai idan ta wuce minti 10. In za ku saurara, ku bi gangunan Guiliana: da hannu yake kaɗa abin da za ka rantse na'ura ce. Shi kuwa saksofon na McCaslin, matsayin da gita ke riƙewa a kiɗan rock shi ya karɓa, wani wurin yana kuka, wani wurin yana gardama da muryar Bowie.

Waƙar da ta fi girgiza mutane ita ce Lazarus, sunan mutumin da Littafi Mai Tsarki na Kirista ya ce Yesu ya tayar daga matattu. Bidiyonta, wanda Johan Renck ya ba da umarni, ya fito ranar 7 ga Janairu. Bowie yana kwance a gado irin na asibiti, an naɗe masa idanu da bandeji, maɓallai biyu a gurbin ido. Can sai ga shi a tebur yana rubutu cikin gaggawa, kamar mai tsoron biro zai ƙare kafin magana ta ƙare. Daga ƙarshe ya ja da baya ya shige cikin kabad, ya rufo ƙofa. Renck ya ce daga baya ne ya gano a makon da suke ɗaukar bidiyon, cikin Nuwamban 2015, aka shaida wa Bowie cewa za a dakatar da magani.

Wannan lissafin kwanakin yana da muhimmanci. An rubuta waƙoƙin, an naɗe su, watanni kafin wannan labari ya zo masa. Ya san mutuwa tana kusa, amma yana sa ran tashi. Shi ya sa nake ganin an rage wa faifan daraja idan aka ce sallama ce kawai. Akwai tsoro a ciki, akwai fushi, akwai kuma jin daɗin mutumin da ya samu sababbin abokan kiɗa. A waƙar ƙarshe ya ɗauko sautin busar hamonika daga faifansa Low na 1977, ya ɗora a kan sabon kiɗa, ya waiwayi baya sau ɗaya cikin natsuwa.

Bangon faifan ma, wanda Jonathan Barnbrook ya tsara, babu fuskar Bowie a kai. Baƙin tauraro ne guda, a ƙasansa gutsattsarin taurari da suka harhaɗa sunansa.

Blackstar ne faifansa na farko da ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, bayan kusan shekara 50 yana sakin faifai. A 2017 aikin ya lashe kyautar Grammy guda 5, McCaslin da abokansa suka hau dandamali suka karɓi wasu daga ciki a madadinsa.

Visconti ya ce kimanin mako guda kafin rasuwar, Bowie ya kira shi ta bidiyo, ya shaida masa cewa ya riga ya tsara sababbin waƙoƙi 5, yana so su koma situdiyo su yi wani faifan.