Sharhi: Ƙazantar Abuja ta fi ƙarfin bututunta

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. A makon jiya na bi ta wani layi a Wuse da sassafe, na tarar ruwan masai yana bulbulowa daga ramin tsakiyar titi, baƙi ƙirin, yana gangarawa wajen wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai. Ta ja kaskonta gefe, ta toshe hanci da mayafi, ta ci gaba da sana'arta. 'Yan makaranta kuwa sai tsallakewa suke da fararen safarsu. A babban birnin Najeriya fa!

Abin takaicin, Abuja na cikin 'yan tsirarun biranenmu da aka tsara wa magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa tun daga tushe, a taswirar birnin ta 1979. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro duk a jone suke, ƙazanta tana bin gangaren ƙasa har matatar Wupa da ke Idu, wadda aka buɗe a 2007 domin mutum 700,000. To amma tun da gwamnati ta tare a 1991, filin da aka yanka don gida ɗaya ya koma otal, ya koma rukunin shaguna, ya koma bene mai hawa biyar. Banɗaki ya ninka sau goma, bututun yana nan yadda aka binne shi. Ina ruwan zai bi?

Za a ce laifin jama'a ne, su ke cusa ledar fiya wata da tsumma da man suya a magudana, ga 'yan baban bola suna sace murfin ƙarfe. Ban musa ba, a hukunta su. Amma a yashe yau, bayan sati biyu ya sake tumbatsa a wuri ɗaya, wannan ba aikin leda ba ne. Bututun ne ya yi kaɗan. A kawo motar zuƙa sau ɗari, bututun dai ya yi kaɗan.

Wannan ma ga masu gata ke nan. A Nyanya da Karu da Lugbe, inda ma'aikatan birnin suke kwana, yawancin gidaje sokawe suke haƙawa, sau da yawa taku kaɗan daga rijiyar da ake sha. Damina ta zo, ƙasa ta jiƙe, na masai ya haɗu da na sha. A 2021 amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, har da mazauna Abuja. Matatar Wupa kuwa tana aiki ƙasa da ƙarfinta, saboda ba a kai manyan bututu inda mutane suka taru ba.

Na san aikin akwai tsada, kuma a gaskiya ina shakkar a iya gama shi cikin wa'adin gwamnati ɗaya. Landan ma sai da warin kogin Tems ya addabi 'yan majalisa a 1858 kafin injiniya Joseph Bazalgette ya gina musu magudana, ya kuma yi ta da faɗin da ya zarce buƙatar zamaninsa. Da ita ma ta gaza, suka haƙa sabuwa mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin, suka kashe sama da fam biliyan 4, ta kama aiki gaba ɗaya a 2025.

Mu kuwa kullum gadar sama, kullum sabon titi, don su ake gani a yanka zare a ɗauki hoto. Haba jama'a! Wa zai ji daɗin kwalta alhali najasa na malala a kanta? A faɗaɗa babban bututun tsofaffin unguwanni, a miƙa shi zuwa garuruwan kewaye, a hana ɗora gini a kan hanyarsa. 'Yan majalisar da ke duba kasafin kuɗin birnin tarayya su buɗe shi shafi shafi, su faɗa mana nawa aka ware wa bututu a bana.