Kafin ku sa yaro a makarantar karate ko judo, ku je ku kalli darasi ɗaya

Yaronku ya kalli fim, ya tashi yana ta kai wa iska naushi da shuri, ya kafe shi fa sai an kai shi koyon karate. Ko kuma ku ne kuka ga 'yarku ta cika noƙewa, kuna so ta san yadda za ta kare kanta. Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, wanne ya fi, karate, judo ko taikwando?

Bari mu fara da wannan, ko da yake ba nan gizo ke saƙar ba. Judo dai Jigoro Kano ne ya kafa shi a Tokyo a 1882, kuma aikinsa kamawa da kayarwa ne, a gasarsa ba a naushi. Karate daga tsibirin Okinawa ya fito, akwai naushi, shuri, tarewa, da jerin motsin da ake haddacewa mai suna kata. Taikwando na Koriya ne, ƙafa ce kan gaba a cikinsa, kuma tun gasar Sidni ta 2000 ake ba da lambar yabo a kansa a Olamfik. Sai jiu-jitsu na Burazil, wanda yawancinsa a ƙasa ake yi. Yaron da kullum yake cakume da 'yan'uwansa zai ji daɗin judo. Wanda ba ya son a riƙe shi, karate ko taikwando zai fi masa sauƙin farawa.

To amma abin da zai sa yaro ya ɗore, ko ya gudu bayan mako uku, shi ne malamin. Don haka kafin ku biya komai, ku nemi izinin zama ku kalli darasin yara tun daga farko har ƙarshe. In aka ce iyaye ba sa shiga, ba kuma wata taga da za ku leƙa, ku yi musu sallama kawai.

Idan kun zauna, ku ɗauke ido daga yaron da ya fi kowa iyawa, shi ko'ina aka kai shi zai haskaka. Ku nemi wancan na can baya, wanda ake cewa dama yana yin hagu. Me malam yake yi da shi? Yana zuwa ya durƙusa ya gyara masa tsayuwa, ya kira shi da sunansa? Ko tsawa yake daka masa har sauran su kwashe da dariya? Wata rana ɗanku ne zai tsaya a wannan gurbin. Ni a ganina malamin da sai ya kunyata yaro kafin a ji maganarsa bai iya koyarwa ba, ko da kofuna sun cika masa ɗaki. Ku lura kuma, wa ke koyar da yaran da gaske? A wasu wuraren sunan babban malami ne a allo, amma wani ɗalibi matashi aka bar wa aji, yara talatin a hannun mutum ɗaya.

Sai maganar lafiya. A judo abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa, suna kiranta ukemi: a sunkuyar da haɓa, a mari katifa da hannu, kada ƙeya ta bugi ƙasa. In kuka ga ana kayar da yaran da ba su iya wannan ba, akwai gyara. Ku taka shimfiɗar da ƙafarku ku ji kaurinta, ku duba ko akwai giɓi tsakanin katifun, domin nan yatsu ke maƙalewa. A karate da taikwando ku tambaya kai tsaye: yaushe yara ke fara karawa da juna, kuma ana bari a bugi kai? Hular kariya tana rage tsagewa da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Saboda haɗarin bugun kai ne ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fitar da matsaya a 2011 cewa ba su goyon bayan damben boksin ga yara. Ku tambayi malam me yake yi in yaro ya bugu a kai. Amsar da kuke son ji ita ce a fitar da shi daga wasa nan take, kuma ba zai dawo ba sai likita ya duba shi.

Maganar bel kuwa, wato ɗamarar da launinta ke nuna matakin da ɗalibi ya kai, nan ne ake yawan yi wa iyaye wayo. Duk wanda ya yi muku alkawarin baƙin bel cikin shekara guda, kasuwanci yake yi. Hedikwatar taikwando ta Kukkiwon da ke Seoul ba ta ba ɗan ƙasa da shekara 15 matakin baƙin bel na manya da ake kira "dan", wani mataki take ba shi mai suna poom. A jiu-jitsu na Burazil ko shuɗin bel, wanda ke ƙasa da baƙi sosai, sai an kai shekara 16. Ku sa a rubuta muku duk abin da za a biya, kuɗin wata, na jarrabawar bel, na kayan sawa da na gasa. Ku kuma tambayi wace hukumar wasa ce ta san da takardun malamin, da ko ya koyi taimakon gaggawa.

In wurin ya kwanta muku a rai, ku nemi yaron ya yi darasin gwaji, yawancin makarantu suna yarda. Da kun fito, maimakon ku tambaye shi ko ya ji daɗi, ku ce ya nuna muku abin da aka koya masa. Idan ya shiga nunawa yana ambaton sunan malam, ku biya na wata ɗaya tukuna, yarjejeniyar shekara ta jira.