Me ya sa haɗakar 'yan adawa ke watsewa kafin ranar zaɓe?

Jama'a, assalamu alaikum. Mu fara da waɗannan alƙaluma.

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'a 8,794,726. Atiku Abubakar na PDP ya samu 6,984,520, Peter Obi na LP 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma 1,496,687. In aka tara na mutum ukun nan za a samu 14,582,740, wato sun ɗara wanda ya ci zaɓen da kusan miliyan shida. Kuma a farkon 2022 dukansu uku 'yan PDP ne. Kwankwaso ya fice a watan Maris, Obi ya bi bayansa a Mayu.

Wannan lissafin shi ne jarin duk mai tallar haɗaka. Amma akwai lissafin dokin Rano a ciki, domin ƙuri'a ba hatsi ba ce da za a juye daga wannan buhu zuwa wancan. Mai jar hular da ya bi layi a Kano, inda Kwankwaso ya samu kusan miliyan ɗaya, Madugu ya fito zaɓa. Matashin da ya kwana a rumfar zaɓe a Anambra ko Legas saboda Obi, da yawansu gajiya da manyan jam'iyyun biyu ce ta fito da su. Ranar da aka ce gwaninsu ya koma mataimaki, wasu za su bi, wasu za su yi zamansu a gida, wasu kuma haushi zai kai su gidan abokin hamayya.

To yaya ake haɗakar a dokance? Nan ne ake yawan ruɗewa.

Tsarin mulkin 1999 bai san ɗan takara mai zaman kansa ba. Sashe na 221 ya ce jam'iyya ce kaɗai ke neman wa ɗan takara ƙuri'a, kuma tambarin jam'iyya ake dangwala wa a takardar zaɓe. Sashe na 142 ya ƙara ɗaure abin: dole mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa ya fito daga jam'iyya ɗaya da shi. Saboda haka babu yadda za a yi wannan jam'iyya ta ba da shugaba, waccan ta ba da mataimaki, kowa yana riƙe da katinsa. Sai wani ya bar gidansa. Ko a 1999, da AD da APP suka ƙulla ƙawance, Olu Falae ɗan AD ne, amma a inuwar APP ya yi takara tare da Umaru Shinkafi.

Hanyoyin da suka rage uku ne. Ta farko ita ce maja: jam'iyyu su narke su zama guda. Kowace sai ta kira babban taronta na ƙasa ta zartar da ƙuduri, shugaba da sakatare da ma'aji su sa hannu a takardar neman izini, a kai wa INEC sabon suna, tambari, kundin tsarin mulki da manufofi. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a sanar da hukumar wata tara kafin babban zaɓe. Da zarar an amince, tsofaffin jam'iyyun sun mutu, ba komawa. Shi ya sa shugabannin ƙananan jam'iyyu ke gudun maja: wanda yake shugaban jam'iyya na ƙasa yau, gobe ya zama mamban kwamiti.

Ta biyu, yi wa sabuwar jam'iyya rajista. Tana buƙatar hedikwata a Abuja da shugabanni daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, sannan a zauna jiran INEC. Ta uku kuwa ita ce shiga gidan haya, wato a nemi ƙaramar jam'iyya mai rajista a tare a ciki. Ita aka bi ranar 2 ga Yulin 2025 a Abuja, lokacin da su Atiku, Obi, Nasir El-Rufai da Rotimi Amaechi suka bayyana ADC a matsayin inuwarsu, Ralph Nwosu ya sauka, David Mark ya karɓi shugabancin riƙo, Rauf Aregbesola ya zama sakatare. Hanyar tana da sauri, amma gidan haya yana da masu shi. Tun a makon farko Dumebi Kachikwu, wanda ya yi wa ADC takara a 2023, ya fito ya ce bai yarda ba. Tsohon ɗan gida guda ɗaya da ke ganin an tsallake kundin jam'iyya ya isa ya garzaya kotu, kuma muddin ana shari'a a kan waye halastaccen shugaba, to ana shari'a ne a kan wa zai sa hannu a sunan ɗan takarar da za a miƙa wa INEC.

Yanzu mu kwatanta haɗaka biyu, mutanen kusan ɗaya ne, shekara biyu ce kawai a tsakani.

A 2011, CPC ta Muhammadu Buhari da ACN ta su Tinubu sun zauna tattaunawa ana saura 'yan kwanaki zaɓen 16 ga Afrilu. An riga an miƙa sunaye, an buga takardun zaɓe. Abin da ya rage shi ne ACN ta janye wa Buhari, ita kuma a ba ta kujerar mataimaki bayan an ci, wanda ke nufin Fasto Tunde Bakare, mataimakin Buhari a takarar, ya sauka. A nan zancen ya tsaya. Goodluck Jonathan ya samu sama da miliyan 22, Buhari sama da 12, Nuhu Ribadu na ACN kimanin biyu.

Da suka dawo, ba su jira ƙurewar lokaci ba. A Fabrairun 2013 aka sanar da APC, zaɓe saura shekara biyu cur. ACN ta yi taronta a Legas, CPC a Abuja, ANPP a Gusau, ɓangaren APGA na Rochas Okorocha ya biyo. Har wata ƙungiya ta ɓullo da sunan da ke da haruffa iri ɗaya tana neman rajista, aka sha fama, sai 31 ga Yuli INEC ta amince. A Nuwamba gwamnonin PDP biyar suka shigo: Kwankwaso na Kano, Amaechi na Ribas, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa da Abdulfatah Ahmed na Kwara.

Ku lura da abin da kowa ya zo da shi. Buhari ya zo da ƙuri'a miliyan 12 da ba ta isa ba ita kaɗai, saboda sashe na 134 yana son mafi yawan ƙuri'a da kuma kashi 25 cikin 100 a jihohi 24. ACN ta zo da Kudu maso Yamma, inda CPC ba ta da kowa. Gwamnoni sun zo da kuɗi da mutane har ƙasa. Babu wanda kayansa suka yi iri ɗaya da na wani. Sannan aka bar maganar tikiti ga deliget. A Disambar 2014, a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, aka ƙirga a idon kowa: Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Okorocha 624. Ratar ta yi yawan da babu mai cewa an murɗe, kuma waɗanda suka faɗi ba su fita ba. A ganina wannan daren ne ya ci zaɓen 2015, inda Buhari ya samu miliyan 15.4, Jonathan 12.8.

Matsalar 'yan adawar wannan zamani ita ce kowannensu abu ɗaya ya zo nema. Atiku da ya ci jihohi 12 a 2023 yana ganin ya wuce mataimaki, Obi da ya ci 11 da Abuja shi ma haka. A tsakiyar 2022 LP da NNPP sun zauna, suka tashi ba a daidaita ba, don Obi da Kwankwaso babu mai son zama na biyu. Ba sabon abu ba ne: a 1983 ƙawancen 'yan adawa na PPA ya kasa zaɓar ɗaya tsakanin Awolowo da Azikiwe, suka fito su biyun, Shehu Shagari ya zarce.

Sai karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu, wadda babu ita a tsarin mulki amma ta fi wasu sassansa ƙarfi. A zaɓen fidda gwani na PDP a Mayun 2022 Atiku ya kayar da Nyesom Wike, gwamnan Ribas na lokacin, da ƙuri'a 371 da 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye masa. Ɗan takara ɗan Arewa, shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ɗan Arewa. Gwamnonin PDP biyar, ciki har da Wike, suka ce Ayu ya sauka, bai sauka ba. Ba su bar PDP ba, a ciki suka zauna suka yi abin da 'yan siyasa ke kira anti-fati. A jihohinsu biyar, Ribas, Oyo, Binuwai, Abiya da Inugu, Atiku bai ci ko ɗaya ba. A Ribas, inda ya samu sama da 470,000 a 2019, bai kai 90,000 ba.

Akwai kuma aikin da ba ya fitowa a hoton manya sun ɗaga hannun juna. Ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, rumfunan zaɓe 176,846 a 2023. Kowace rumfa tana buƙatar ejan da zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu a fom EC8A, ya karɓi kwafinsa. In a jiha guda tsofaffin 'yan PDP da tsofaffin 'yan APC da asalin 'yan gida suna rigimar wa zai riƙe jam'iyya, to jerin ejan biyu za a rubuta, kuɗin sallama kuma ya maƙale a hanya. 'Yan majalisa su ma ba sa saurin tsallakowa, domin sashe na 68 ya ce mai sauya sheƙa zai rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta dare ko ta yi maja.

A Nijar, tsarin zagaye biyu ya sauƙaƙa wannan. A 1993 kowa ya fito ya gwada ƙarfinsa, Tandja Mamadou ya zo na ɗaya, Mahamane Ousmane na biyu, sai ƙawancen AFC ya taru a bayan Ousmane a zagaye na biyu ya ci. Masu zaɓe ne suka raba gardamar wa ya fi wa. A Najeriya akwai tanadin zagaye na biyu, amma sai in babu wanda ya cika sharuɗɗan sashe na 134, kuma ba a taɓa kaiwa can ba. Tinubu da kashi 36 da ɗoriya ya wuce kai tsaye.

Ko an ci, rabon ganima na nan tafe. AFC ta tsage a Satumbar 1994 da Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista. A Najeriya, ranar 9 ga Yunin 2015, mako biyu bai cika da rantsar da Buhari ba, Bukola Saraki ya zama shugaban majalisar dattawa da goyon bayan sanatocin PDP, ba da son uwar jam'iyya ba. Kafin zaɓen 2019, shi da Tambuwal da Kwankwaso da Atiku duk sun koma inda suka fito.