Shibori a kan siliki: aikin yana wajen ɗauri

To jama'a ku kalli wannan ƙyallen da kyau, kun ga ɗigo-ɗigon nan farare? Ba zane ba ne, ba kuma inji ya buga ba, kowane ɗaya da hannu aka ƙulle shi kafin a tsoma a baba. Shi ne mutanen Japan ke kira shibori, daga kalmarsu ta matsewa ko murɗewa. Wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano ya san dabarar, inda zare ya shaƙe rini ba ya shiga.

Garin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Arimatsu, yanzu yana cikin birnin Nagoya, an kafa Arimatsu a 1608 a bakin babbar hanyar matafiya da ake kira Tokaido, matafiya suka riƙa saye suna tsaraba. Amma in ana maganar siliki sai Kyoto, da salon kanoko, wai don ya yi kama da ɗigon jikin ɗan barewa. Za ka tsinci ɗan wuri ƙanƙani da yatsa ka naɗe shi da zare ka ja tamau, ka matsa gaba ka sake, haka dai, kimono guda, wato doguwar rigar gargajiya ta Japan, sai ta ci ƙulli sama da 100,000, shi ya sa a 1683 hukuma ta hana kanoko ma saboda tsabar almubazzaranci.

Kai da kake koyo kar ka fara da wannan don Allah, yatsunka za su gaya maka. Fara da itajime, ninke ƙyallen ka matse tsakanin katako biyu, ko arashi, ka naɗa a jikin fayif ka zagaye da zare ka tura shi ya tattare.

Yanzu duba nan. Na jiƙa shi da ruwa tukuna, na tsoma minti biyu, na ciro. Kore ya fito ko? Kar ka tsorata, bar shi ya sha iska, ga shi nan yana komawa shuɗi a gabanmu. In kana son ya yi duhu maimaita tsomawa za ka yi. Kuma siliki ba auduga ba ne, ruwan da soda ta yi wa yawa cinye masa sheƙi yake yi ya bar shi da kaushi.

Sai ya bushe za ka warware zaren a hankali, ka ajiye almakashi nesa in hannunka na rawa. Wannan tattarewar da ta rage kuma kar ka ɗora mata dutsen guga, a kanoko ita ake biya.