Sharhi: Joao Neves, ɗan wasan tsakiyar da ƙwallo ke iskewa a inda ya tsaya

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan Joao Neves ne, ɗan ƙasar Portugal da ke taka leda a tsakiyar fili a ƙungiyar Paris Saint-Germain ta Faransa. Ko ba ka riƙe sunansa ba, in kana kallon wasannin PSG ka san shi: shi ne ɗan guntun nan mai lamba 87, wanda kullum yake cikin zanzaro, riga a cuse cikin wando kamar ɗan firamare ranar da za a duba tsafta.

An haife shi ranar 27 ga Satumban 2004 a Tavira, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Algarve, can kudancin Portugal. Yana ɗan shekara goma sha biyu ko kusa da haka ya bar gida ya koma makarantar horar da yara ta Benfica da ke Seixal, a tsallaken kogi daga birnin Lisbon. Wannan makaranta ita ta fitar da Bernardo Silva da Ruben Dias da Joao Felix da Renato Sanches. A 2022 yana cikin matasan Benfica da suka ɗauki kofin matasa na Turai, inda suka lallasa Salzburg da ci 6 da nema a wasan ƙarshe.

To amma abin da ya buɗe masa ƙofar babbar ƙungiya ciniki ne. A watan Janairun 2023 Chelsea ta zube yuro miliyan 121 ta ɗauke Enzo Fernandez, ɗan Ajantina da ya dawo daga Qatar da kofin duniya a hannu. Benfica na tsakiyar fafutukar cin gasar ƙasarta, sai ga wawakeken giɓi a tsakiyar fili. Koci Roger Schmidt bai yi gaggawar jefa yaron ba. Sai da kaka ta zo gangara ya fara sa shi daga farkon wasa, daga nan kuma bai sake komawa benci ba.

Ranar 21 ga Mayun 2023 aka ga abin da ke cikinsa. Benfica ta je gidan babbar abokiyar hamayyarta Sporting, aka tafi hutun rabin lokaci ana cin ta 2 da nema. Ta farke ɗaya. Minti casa'in ya cika, an shiga ƙarin lokaci, ƙwallo ta faɗo cikin turmutsutsu a gaban raga, sai ga Neves ya dunguro ta ciki. Aka tashi 2 da 2. Ita ce ƙwallonsa ta farko a babbar ƙungiyar, yana ɗan shekara 18, kuma bayan mako guda Benfica ta ɗaga kofin gasar karo na 38. A watan Nuwamba na wannan shekarar ya sake yi wa Sporting irin wannan aika-aika, a cikin ƙarin lokaci, ya farke ƙwallon da ta buɗe wa Benfica hanyar yin nasara da ci 2 da 1. In abu ya faru sau ɗaya a ce sa'a ce. Da ya maimaita, sai masu lura suka fara kallon inda yake tsayawa.

Nan ne nake son mu ɗan daɗe. Tsawon Neves bai wuce mita 1.74 ba, wanda a ƙwallon Turai na yanzu gajere ne ƙwarai. Amma ku tuna daren 22 ga Janairun 2025 a birnin Paris. Manchester City na gaba da ci 2 da nema, PSG kuma na gab da faɗuwa daga Gasar Zakarun Turai tun a matakin farko. Dembele ya farke ɗaya, Barcola ya farke ta biyu. Sai aka samu bugun tazara, Vitinha ya ɗago ƙwallo, ta wuce kawunan dogayen masu tsaron baya na City gaba ɗaya, ta sauka a can ƙarshen raga, inda Neves ya sulale ba wanda ya gan shi, ya sa mata kai. PSG ta ci wasan 4 da 2, kuma daga wannan dare ne kakarta ta canza. Bayan wata biyar, a birnin Atlanta na Amurka, aka maimaita abin sak a kan Inter Miami ta su Messi: Vitinha ya bugo, Neves ya faɗa da ka a ƙarshen raga, minti shida da fara wasa. Ba tsalle ya fi kowa ba. Yana riga mai gadinsa karanta inda ƙwallo za ta sauka, kuma yana tashi a daidai lokacin da idon kowa ke kan manya.

Wannan karatun shi ne dai yake yi idan ƙungiyarsa ta rasa ƙwallo. Abokin hamayya na karɓar ta, kafin ya juya ya ɗaga kai, Neves ya riga ya manne masa. In ya ƙwace, ba ya tsayawa yanga, taɓawa ɗaya ko biyu ya miƙa gaba ya sake ruga neman wuri. Irin wannan aiki ba ya fitowa a gajerun bidiyon da ake turawa a waya, shi ya sa a gidan kallo za ka ji ana ta ihun Dembele da Doue, ba a ambaci wanda ya ƙwato musu ƙwallon ba.

Mu ɗan koma baya kan yadda ya je Paris. A watan Agustan 2024 Benfica ta sayar da shi kan yuro kusan miliyan 60, da yiwuwar ƙarin miliyan 10, alhali kuɗin da aka rubuta a kwantiraginsa ga mai son ɓalle shi miliyan 120 ne. Magoya baya sun fusata da shugaban ƙungiyar Rui Costa, kuma a ganina suna da gaskiya. Kowa ya san manyan ƙungiyoyin Portugal da sayar da 'yan wasa suke rayuwa, kuɗin talabijin da suke samu bai kama ƙafar na Ingila ba. Amma ƙungiyar da ta karɓi miliyan 126 a kan Joao Felix a 2019, ta saki wannan yaro a rabin farashinsa, an yi mata wayo. Ga shi kuma 'yan watanni kafin nan, a Fabrairun 2024, ya yi rashin mahaifiyarsa, ya ci gaba da buga wa ƙungiyar wasa har ƙarshen kaka, abin da ya ƙara masa ƙauna a zukatan mutanen Lisbon.

A Paris bai jira a saba da shi ba. Wasansa na farko a gasar Faransa, da Le Havre, ya bayar da ƙwallo biyu aka ci, a na biyu da Montpellier ma haka. Mbappe ya tafi Real Madrid, Manuel Ugarte ya koma Manchester United, koci Luis Enrique ya gina tsakiyarsa a kan Vitinha da Fabian Ruiz da Neves. Su ukun nan ne suka fitar da Liverpool da Aston Villa da Arsenal, suka je Munich ranar 31 ga Mayun 2025 suka yi wa Inter Milan ci 5 da nema. Karon farko ke nan da PSG ta ɗauki Kofin Zakarun Turai. Bayan kwana takwas, a wannan filin dai, Neves ya ɗaga kofin Nations League na ƙasashen Turai tare da Portugal, bayan sun doke Sifaniya a bugun fenareti.

Ba za mu rufe ido kan abin da ya yi ranar 13 ga Yulin 2025 ba. A wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya, Chelsea, wadda Enzo Fernandez ke cikinta, tana cin PSG 3 da nema. Saura 'yan mintuna a tashi, Neves ya kama sumar Marc Cucurella ya finciko shi ƙasa. Alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya dawo ya ɗaga masa jan kati. Babu wani uzuri a nan. Zafin zuciyar da ke sa shi bin ƙwallo ba gajiya, shi ne ya kwashe shi ranar da abubuwa suka ƙi, kuma 'yan wasa masu wayo sun ga haka, za su riƙa tsokanarsa.

Ya dawo da ƙarfi. A ƙarshen Agustan 2025 ya ci Toulouse ƙwallo uku rigis a wasan da aka tashi 6 da 3, biyu daga ciki ya ci su ne ya juya wa raga baya, ya tashi sama ya doko ta saman kansa. A watan Nuwamba ya sake cin uku a birnin Porto, lokacin da Portugal ta ragargaji Armeniya 9 da 1 ta samu gurbin gasar kofin duniya ta 2026, ba tare da Cristiano Ronaldo ba, wanda ke zaman dakatarwa a ranar.

Wannan wasa na Armeniya ya amsa wata tambaya da ta daɗe tana damun masu bin Portugal: a wane gurbi ya kamata a sa Neves? Ƙasar na da cunkoson gwanaye a tsakiya, ga Vitinha, ga Bruno Fernandes, ga Bernardo Silva, har ta kai koci Roberto Martinez ya tura Neves tsaron baya ta dama a wasannin ƙarshe na Nations League. An ci kofin, gaskiya ne, kuma yaron bai yi ƙorafi ba. Amma a gefen fili layi ya tare shi ta hannu ɗaya, aikinsa ya koma bin mai gudu ɗaya tal, duk wannan karatun inda ƙwallo za ta faɗo ya tafi a banza. Portugal na da masu tsaron baya na dama da wannan ce sana'arsu. In dole sai an ajiye wani daga cikin manyan don Neves ya samu wurinsa a tsakiya kusa da Vitinha, to a ajiye.