Joest Racing: Gwanayen Gareji da Suka Mallake Tseren Le Mans

A kowace shekara, galibi cikin watan Yuni, motoci sukan taru a garin Le Mans na ƙasar Faransa domin tseren da ake farawa da yammacin Asabar, ba a kuma tsayawa sai da yammacin Lahadi. Tun 1923 ake wannan gasa, a kan hanyar da a yau tsawonta ya kai kimanin kilomita 13.6, wadda wani ɓangarenta titin gwamnati ne da jama'a ke bi a sauran ranakun shekara. Dokar ba ta da sarƙaƙiya: motar da ta fi kowace cin nisa cikin awa 24 ita ce zakara. Direbobi, waɗanda a yau uku ne, suna karɓa-karɓa a mota ɗaya, amma inji da giya da birki ba su da mai karɓarsu, dole su jure dare da ruwan sama da zafin rana. Duk daƙiƙar da mota ta yi a tsaye ana zuba mata mai, ko ana canza taya, ko ana gyara, asara ce da wuya a mayar da ita a kan hanya. A wannan fage na rage tsayuwa ne wata ƙaramar ƙungiya daga Jamus ta yi wa duniya fintinƙau.

Reinhold Joest, wanda aka haifa a 1937, direba ne kafin ya zama mai ƙungiya. Ya kafa Joest Racing a 1978 a Wald-Michelbach, wani ƙaramin gari da ke cikin tsaunukan Odenwald. A 1980 ya lashe tseren awa 24 na Daytona a Amurka, sannan ya zo na biyu a Le Mans tare da Jacky Ickx. Da ya ci tseren awa 9 na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1981, sai ya ajiye sitiyari ya koma bayan fage. Bai taɓa cin Le Mans yana tuƙi ba, amma motocin da mutanensa suka shirya suka kuma kula da su sun ci sau 15.

Nasarar farko ta zo a 1984, shekarar da kamfanin Porsche ya ƙaurace wa gasar saboda saɓani da masu shirya ta a kan dokokin shan mai. Joest ya shiga da Porsche 956 da ya saya kamar kowane abokin ciniki, mai lamba 7, Klaus Ludwig da Henri Pescarolo suna tuƙi. Matsala ta jefa su can baya tun farkon tseren, suka yi ta haurowa har suka ƙare a gaba. Masu ƙorafi suka ce ai don babu kura ne kare ya yi gada. Amsar ta zo bayan shekara guda. A 1985 Porsche ya dawo da cikakken ƙarfinsa da sababbin motoci, aka kuma rage yawan man da aka yarda kowace mota ta sha. Joest ya dawo da motar bara, ita ɗin dai, mai shasi lamba 117, bayan injiniyoyinsa sun yi mata saiti yadda za ta yi gudu ba tare da ta zuƙe tanki ba. Ta sake cinyewa, motar kamfanin da ta fi taɓukawa kuwa ta ƙare a matsayi na uku. Cikin direbobin wannan karo, tare da Ludwig da Paolo Barilla, akwai wani ɗan kasuwar katako daga Bremen mai suna Louis Krages, wanda ke tsere da sunan aro na John Winter don kada iyalinsa su san yana wannan sana'a mai haɗari. Hawansa dandalin zakaru ne ya tona asirin.

Abin da ya faru a 1996 ya fi wannan ban mamaki. Porsche yana da wata mota, WSC-95, wadda aka gina a kan shasin tsohuwar Jaguar XJR-14, aka cire mata rufi, aka ɗora mata injin Porsche. An shirya ta domin Daytona ta 1995, amma da aka sauya dokoki dab da gasar sai kamfanin ya janye, aka jingine ta. Joest ya nemi a ba shi aronta, ya kai ta Le Mans, ta doke sabuwar 911 GT1 da kamfanin ya ɗora wa dukkan burinsa. Davy Jones da Manuel Reuter da Alexander Wurz ne suka tuƙa, Wurz yana ɗan shekara 22 kacal. A 1997 Joest ya koma da mota ɗaya tal, ita ɗin dai, kuma 'yan kwanaki kafin tseren ya ɗauko wani matashi ɗan ƙasar Denmark da bai taɓa gudu a Le Mans ba, ya haɗa shi da Michele Alboreto da Stefan Johansson. Motocin kamfanin biyu ne ke gaba, ɗaya ta yi haɗari da safiyar Lahadi, ɗayar kuma ta kama da wuta saura kimanin awa biyu a tashi. Matashin nan shi ne Tom Kristensen, wanda daga baya ya ci Le Mans sau 9, adadin da har yau babu direban da ya kamo. Sau biyu ke nan Joest yana cin gasar shekara biyu a jere da mota guda, kuma kowane karo da lamba 7.

Wannan tarihi ne ya sa Audi, ƙarƙashin jagorancin Wolfgang Ullrich, ya damƙa wa Joest ragamar motocinsa lokacin da ya shiga Le Mans a 1999. Rabon aikin a fili yake: Audi ya zana mota ya ƙera ta, mutanen Joest, da Ralf Jüttner a gabansu ta fuskar fasaha, su gudanar da ita a filin tsere. A 2000 motar R8 ta kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku, kuma Frank Biela da Emanuele Pirro da Kristensen suka ci shekara uku a jere, har zuwa 2002.

A nan ya kamata a dakata a dubi bayan wannan mota da kyau, domin a ganina babu abin da ya bayyana tunanin wannan haɗaka kamarsa. A da, idan giyabos ya lalace a tsakiyar tsere, to an gama, ko dai a shafe awa ana kwancewa ko a rufe gareji. A jikin R8 an haɗa giyabos da ƙafafun baya a matsayin dunƙule ɗaya da ake iya zarewa gaba ɗaya. Mota ta shigo, a tura ta cikin gareji, a ɗage bodin baya, kowane bakanike ya san kusoshin da ke hannunsa da inda zai tsaya don kada ya tare ɗan'uwansa, a zare tsohon dunƙule, a turo sabo, a ɗaure, cikin ƙasa da minti biyar mota ta koma hanya. Zane kaɗai ba ya ba da wannan sauri, sai an maimaita aikin har hannu ya haddace shi, ko da ƙarfe uku na dare ne barci yana fizgar ido. Daga bisani masu shirya gasar suka haramta dabarar. Shekarun nan ba su rasa baƙin ciki ba, domin a watan Afrilun 2001 Alboreto ya rasu yana gwajin R8 a filin tseren Lausitzring na Jamus bayan taya ta fashe masa cikin tsananin gudu.

A 2003 makanikan Joest suka taimaka wa kamfanin Bentley ya ci gasar. A 2006 kuma R10 TDI ta Audi ta zama motar farko mai amfani da man dizal da ta lashe Le Mans, man da mutane suka saba dangantawa da manyan motocin ɗaukar kaya. Sai Peugeot ya shigo da tasa motar dizal, 908, wadda sau da yawa ta fi ta Audi gudu. A 2008 Peugeot ya fi sauri da daƙiƙoƙi a kowane zagaye, amma Allan McNish da Rinaldo Capello da Kristensen suka ƙi barin tazara ta buɗe, suna daɗewa a mota ba tare da an canza direba ba, har ruwan sama ya sauko cikin dare reshe ya juye da mujiya. Peugeot ya rama a 2009. A 2010 motocinsa huɗu duk suka mutu a hanya, Audi ya kwashe matsayi uku na farko, motar da ta ci kuma ta yi zagaye 397, wato kilomita 5,410, ta karya tarihin da ke tsaye tun 1971.

Tseren 2011 shi ne wanda ba a mantawa. Motoci uku Audi ya kawo. Cikin awa ta farko McNish ya yi mummunan haɗari, da dare Mike Rockenfeller ya yi wanda ya fi shi muni, kuma dukansu sun tsira da ransu. Saura mota ɗaya, ta Marcel Fässler da André Lotterer da Benoît Tréluyer, motocin Peugeot suna biye da ita. Dab da ƙarshe aka gano tayarta ɗaya tana sacewa a hankali. A tsayuwar ƙarshe aka canza mata tayoyi huɗu, alhali abokin hamayya mai kawai ya sha, amma duk da haka ta riga shi fitowa. Bayan awa 24, tazarar ba ta kai daƙiƙa 14 ba. Injiniyar da ke magana da direbobin ta rediyo ita ce Leena Gade, mace ta farko da ta ci Le Mans a wannan muƙami.

Nasarori uku suka biyo baya: 2012 da motar farko mai haɗa inji da lantarki da ta ci gasar, sai 2013 da 2014. Audi ya janye a ƙarshen 2016, bayan motocinsa sun zo na ɗaya da na biyu a tserensu na bankwana a Bahrain. Joest ya koma Amurka ya riƙe motocin Mazda daga 2018, ya kuma ci tseren awa 6 na Watkins Glen da su a 2019. Daga 2021 mutanensa suka tallafa wa ƙaramin kamfanin Glickenhaus na Amurka, wanda motarsa ta zo ta uku a Le Mans a 2022, bayan motocin Toyota biyu.