Tsayin bayan mota don filin tsere: wane zobe ake murɗawa?

Tambayar da ke ta yawo kwanan nan ita ce: mutum ya sayi sabbin shakazoba masu saiti, ya wuni yana murɗa gindinsu, ya sauke mota daga jak, ya tarar bayanta na nan inda yake, ko milimita ɗaya bai sauka ba. Sai ya ce kayan jabu aka sayar masa. Kayan lafiyarsu lau, wurin da ya murɗa ne ba shi ba ne.

Motar da ke gabanmu BMW E46 ce, ƙirar da aka sayar daga 1998 zuwa 2006, kuma har yau tana cikin motocin da ake yawan shiga filin tsere da su saboda arhar kayan gyaranta.

Kafin sifana ta taɓa komai, awo tukuna. Daɓe ya zama a miƙe, iskar taya daidai da wadda za ku shiga fili da ita, mai kamar rabin tanki, sannan a ɗora nauyin direba a kujerarsa, ko shi kansa ko buhunan yashi. Ku auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi. Kada ku auna daga ƙasa, don iskar taya da cinyewarta za su shiga lissafin su ruɗe ku. Ƙafa huɗun duka, a rubuta a takarda. Wanda ya ce zai riƙe a ka, nan da awa ɗaya za ku ji yana rantsuwa a kan lambar da bai taɓa gani ba.

A ɗaga mota, a tokare ta da ƙarafan tsayawa, a cire taya. Jak shi kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa.

To, yanzu ku duba da kyau, don nan ne ake ɓata. A ƙafafun gaban wannan motar, sifirin yana zagaye da shakazoba, abu ɗaya ne. A baya kuwa kowa da gidansa. Ga sifirin can ciki, zaune a kan hannun sama, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota. Ga shakazoba nan waje, ita kaɗai, daga ƙafar taya zuwa cikin but. Nauyin mota a kan sifirin yake. Shakazoba ba ta ɗaukar mota, aikinta ta hana ta rawa bayan ta taka wani abu. Saboda haka tsayin mota yana wurin wannan zoben mai zare da sifirin ke zaune a kansa. Ku rage tsawonsa, mota ta sauka. Ku ƙara, ta tashi.

To shi zaren gindin shakazoba fa, na mene ne? Shi yake yanke iya inda taya za ta iya zazzagowa idan ƙafar ta saki, da kuma iya inda za ta shige sama kafin ta daki robar da ke tsayar da ita. Idan kun bar shakazoba ta yi tsawo bayan kun sauke mota, duk lokacin da ƙafar ta saki sifirin zai rabu da mazauninsa. In kun taɓa shi da hannu za ku ji yana kaɗawa. A cikin gari ƙara kawai zai riƙa yi muku, amma a fili, ka hau gefen kwana da gudu, yana iya komawa a karkace. Idan kuma kun gajarta ta fiye da kima, tayar ciki za ta rasa inda za ta miƙe a tsakiyar kwana, ta yi sauƙi ko ta bar ƙasa, ku taka mai ta riƙa juyawa a banza.

Ga yadda ake daidaita su. Zoben sifirin ake fara saitawa. Sai a kwance notin ƙasan shakazoba, a sa ƙaramin jak a ƙarƙashin ƙafar, a ɗaga a hankali har sifirin ya zauna daram, hannu ba ya iya juya shi. A ƙara ɗagawa kaɗan, kamar milimita 5. A nan ake tsayawa, a murɗa gindin shakazoba har raminta ya zo daidai da ramin noti ba tare da an tilasta shi ba. Shakazoba ke bin sifirin, ba sifirin ke bin ta ba.

Akwai lissafi ɗaya da ke ba mutane mamaki. Tunda sifirin yana ciki, kusa da inda hannun ke maƙale da jikin mota, abin da ya motsa bai kai abin da taya ke motsawa ba. Kamar ƙyaure ne: kusa da hinji motsi kaɗan, wajen mariƙi motsi mai yawa. A wannan motar sifirin na yin kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar taya. Wato in kun rage milimita 10 a zobe, mota za ta sauka wajen milimita 15. Wanda yake son saukar milimita 15 ya murɗe 15 a zobe, zai tashi da fiye da 20, taya na gogar madigadi. Zaren kowane kamfani da faɗinsa, don haka ku yi wa zoben alama da fenti, ku juya shi zagaye biyar, ku auna, ku san abin da zagaye ɗaya ke ba ku. Ku wanke zaren da buroshi ku shafa ɗan giris kafin ku fara, kuma kada ku murɗa shi da nauyin mota a kai, yashi na cinye zaren alminiyam nan da nan.

A mayar da taya, notoci a ɗaure su a 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a sauke. Kada ku auna yanzu. Tayoyin sun sauko a maƙale da daɓe, motar tana tsaye sama da inda za ta zauna. A tura ta gaba da baya 'yan mitoci, a danna bayanta sau biyu ko uku, sannan a sa tef.

Nawa za a sauke? A ganina yawancin masu farawa suna wuce gona da iri, don motar da ta kwanta ƙasa ta fi kyau a hoto. Idan ta sauka har ta zauna a kan robar tsayarwa, ba sifirin kuke tuƙawa ba kuma, roba ce, kuma bayan zai ƙwace muku ba sallama. Ku tafi da milimita 5 a kowane gwaji. Ɗaga baya kaɗan yakan sa mota ta fi saurin juyowa cikin kwana, sauke shi yakan sa ta natsu amma ta riƙa tura hanci waje.

Sauran da sauri. Duk notin da ya ratsa bushin roba, in kun sassauta shi, a ɗaure shi mota na zaune a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ku leƙa mazaunin shakazoba na sama a cikin but, sanannen wurin lalacewa ne a E46. In kuna da sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, ku cire haɗin sitabilaiza (ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama) gefe ɗaya, ku haɗa nauyin gaba-hagu da baya-dama, ya zama kusan rabin nauyin motar. Ɗaga zobe ɗaya na ƙara nauyi a ƙafarsa da wadda ke kusurwar da ke fuskantarta (kamar baya-dama da gaba-hagu), shi ya sa in awon hagu da dama ya bambanta da milimita biyu ko uku amma sikeli ya daidaita, ku bi sikeli.

Daga nan sai wurin saitin ƙafa. Sauke baya yana ƙara kwantar da kan taya ciki, yana kuma canza inda take fuskanta, kuma ba a ganin wannan da ido. A gama tsayi gaba ɗaya kafin a je, don ko zagaye biyu kuka ƙara wa zoben daga baya, sai an sake hawa na'urar.